Amsa ga ɗan'uwan da ya loda ɗaruruwan mitoci a sikana amma bai ji komai ba

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka, sai da na ajiye wayar na yi jim, domin kamar ni ne na rubuta ta shekarun baya. Ka ce ka sayi sikana, wato rediyon da ke zagaya mitoci da kanta tana neman inda ake magana, ka saka manhajarta a kwamfuta, ka sauko da rumbun mitoci daga intanet, ka tura tashoshi sama da 600 cikin na'urar, yau kwana huɗu tana ta zagaye ba ka ji muryar kowa ba, in ka buɗe SQL, wato maɓallin da ke toshe hayaniya in babu sigina, sai shuu kawai. Kuma kana tambayar wace manhaja ce ta fi, ka koma kanta. Wallahi na san wannan ɓacin ran. Mutum ya zauna har tsakar dare yana kallon lambobi suna gudu a fuskar na'ura, zuciya tana raya masa ko jabu aka sayar masa.

Kafin mu je ga manhaja, ina roƙonka abu ɗaya don Allah. A manhajar, kada ka sake danna maɓallin rubutawa cikin sikana sai ka fara danna na karantowa daga cikinta, ka ajiye abin da ke cikin na'urar a fayil, ka sa masa kwanan wata. Kuma kada ka miƙa wa kowa sikanarka ya ce zai loda maka.

Ni abin da ya same ni ke nan. Shekara uku na yi ina tara tashoshina da hannu, ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan maɓallan nan masu gajiyar da yatsa. Sun kai ɗari biyu da 'yan kai. Kowace sai da na ji ta da kunnena kafin na sa mata suna. Akwai wadda na yi mako biyu ina fakonta, saboda masu ita ba sa magana sai da asuba, kuma sai da na sha wahala kafin na gano lambar DCS ɗinta, wato ɓoyayyiyar lambar da ke tafiya tare da murya don tantance masu tashar. Sai wani mutum da muka saba ta dalilin wannan sha'awa tamu ya ce ai ina wahalar da kaina, yana da cikakken rumbu a kwamfutarsa, minti biyar ya gama min. Na yarda da shi, don ya girme ni, kuma ya daɗe a harkar. Na ce masa, Malam, akwai nawa a ciki fa. Ya ce kada in damu, ƙari kawai zai yi.

Ina tsaye a bayansa ya jona kebul. Bai karanto komai ba. Na ga koren layin nan yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, na'urar ta mutu ta dawo. Na karɓa na murɗa. Rukunin farko, inda na saba ganin sunayen da na rubuta da kaina, sai ga sunayen wasu gundumomi da ban taɓa ji ba, 'yan kwana-kwana na wata ƙasa, motocin makaranta na wata nahiya. Na duba na biyu, na uku, har na goma. Babu ko ɗaya nawa. Hannuna har rawa yake. Na ce Malam, ina nawa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai waɗannan sun fi yawa, dubu ne da wani abu. Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau wannan ne ke ci min rai fiye da tashoshin, da ya ce min kuskure ne da tuni na manta. Daga baya na gano fayil ɗin ma tsoho ne, wani ya tura masa, shi kansa bai taɓa jin ko tasha ɗaya a ciki ba. Na kira shi ya fi sau biyar ko kwamfutarsa ta ajiye wani kwafi, ya daina ɗauka. Littafin da nake rubutu a ciki na shekarar farko ne kawai, sauran duk a cikin na'urar suke, don na ɗauka can ne suka fi tsira. Kusan wata guda ban kunna ta ba. Tashar asubar nan ban sake samunta ba har yanzu, ko sun canza mita ko sun koma dijital, Allah masani.

To, ga tambayarka. A ganina matsalarka ba manhaja ba ce. Manhaja 'yar aike ce, abin da ka ba ta shi take kaiwa. Tambayar ita ce, rumbun da ka sauko da shi na ina ne, kuma yaushe aka sabunta shi? Manhajar Sentinel, wadda ake amfani da ita da na'urorin Uniden irin su BCD436HP da SDS100, rumbunta daga shafin intanet na RadioReference yake zuwa, kuma na Amurka da Kanada ne. Ga wanda ke can abin daɗi ne, ya sa lambar yankinsa kawai na'ura ta zaɓo masa na kusa. In ba can kake ba, ko ka loda dubu goma ba abin da za ka ji, don mitocin VHF da UHF, waɗanda sikana ke sauraro, ba sa tsallaka teku kamar gajeren zango, iyakarsu kusan inda eriya ke hango eriya. Shi kansa RadioReference masu sauraro irinmu ne suke tura masa bayanai, shi ya sa wata ƙasar za ka tarar an cika, wata kuwa layi kaɗan ne. A Amurka akwai kuma rumbun lasisi na hukumar sadarwa ta FCC da kowa zai iya bincikawa, sai dai lasisi yana nuna wanda aka ba mitar ne, ba ya nuna ko yana amfani da ita yau.

Ka fara da abin da ba ya shiru. In akwai babban filin jirgin sama kusa da kai, nemi mitar ATIS ɗinsa, wato muryar da ke maimaita yanayin iska da titin sauka ba dare ba rana. Hukumomin jiragen sama suna wallafa mitocin filayensu a kundin da ake kira AIP, kuma wannan ya fi kowane jerin da wani zai tura maka inganci. Zangon jirage daga 118 zuwa 137 MHz yake, kuma AM ne. Ka lura da wannan sosai, na ga mutane da yawa sun loda mitar daidai amma layin zaɓin AM ko FM ya tafi a FM, sai murya ta fito a shaƙe ko ta ƙi fitowa. In gaɓar teku kake, tasha ta 16 ta jiragen ruwa tana kan 156.800, ita kuma FM ce. Masu rediyon sha'awa suna tsakanin 144 da 146 MHz, wasu ƙasashen har 148. Share 600 ɗin nan, bayan ka ajiye kwafi, ka sa goma kacal. Maganar matuƙin jirgi da hasumiya daƙiƙa uku ce ko huɗu, in na'urarka tana bin dogon layi, kafin ta zagayo an gama an yi shiru.

Wani abin da ya taɓa hana ni barci shi ne layin sautin CTCSS. Ƙaramin sauti ne da ke tafiya ƙarƙashin murya, tsakanin 67.0 da 254.1 Hz. In rumbun ya sa maka 88.5 alhali masu tashar sun koma wani, na'urarka za ta kama siginar sarai amma ta ƙi buɗe baki. Za ka ga alamar ƙarfi ta cika, lasifika shiru. Cire sautin gaba ɗaya tukuna, ko ka sa na'urar ta nemo shi da kanta in tana iyawa. Haka kuma rifita, wato tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi nesa, tana da mita biyu, ta shiga da ta fita. Kai ta fita kake so. A zangon 144 tazarar yawanci 600 kHz ce, kuma wasu jerin suna jera ta shiga a gaba, sai ka zauna kana sauraron ƙofar da ba ta magana.

Kuma don Allah ka yi hattara da buɗe fayil ɗin jerin mitoci, irin wanda ake kira CSV, a Excel. Tasha ta farko ta ƙananan oba-oban PMR446 tana kan 446.00625. In gidan lambar an saita shi ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, zai koma 446.01, kuma in ka ajiye a CSV haka zai tafi. Wata kwamfutar ma waƙafi take sawa a madadin ɗigo, manhaja ta ƙi karɓa ko ta karɓa a karkace. Ni yanzu duk fayil sai na buɗe shi a Notepad na duba da idona kafin ya kusanci na'urata. A Turai akwai wani tarkon, tazarar 8.33 kHz ta jirage: lambar da matuƙi ke faɗa sunan tasha ce, misali 118.010 ainihin mitarta 118.0083 ce. Sabbin na'urori sun san wannan, tsofaffi sai ka gyara da hannu.

Ba ka faɗi samfurin na'urarka ba, kuma wannan shi ne rabin amsar. In analog ce zalla, duk wanda ya koma tsarin dijital irin su DMR ko P25 ko NXDN ko TETRA, abin da za ka ji ƙara ce kamar ta inji. Akwai kuma tsarin karɓa-karɓa, inda rukunoni da yawa ke raba 'yan mitoci kaɗan, tashar jagora ɗaya tana ta ruri ba tsayawa tana gaya wa kowa inda zai koma. A irin wannan, loda mitoci a jere ba ya amfani, sai na'urar da ta iya bin jagorar, ka ba ta lambobin rukunin. Wanda aka kulle da mabuɗin sirri kuwa, ka bar shi. Duk wanda ya ce yana da manhajar buɗe shi, irin mutumin nan da ya share min tashoshi ne, ka guje shi. Na sha ganinsu, bakinsu da zaƙi, ba su taɓa zama dare ɗaya suna fakon tasha ba.

Ka duba eriya ma. 'Yar robar da ke zuwa cikin kwali ba ta da wani ƙarfi, balle a cikin ɗaki kusa da kwamfuta da caja, su kansu hayaniya suke fitarwa. Raba 75 da mitar a MHz, zai ba ka tsawon rubu'in zango a ma'aunin mita na tsawo, wato tsawon wayar da za ka yi eriya da ita. Na jirage ya kama wajen santimita 59, na jiragen ruwa wajen 48. Ranar da na fara fitar da irin wannan waya waje na ɗaga ta sama, na ji murya tar daga jirgin da ko ganinsa ba na yi, sai da ƙwalla ta zo min, don lokacin ban daɗe da dawowa daga wancan rashin tashoshin nawa ba.

Abin da ya dawo da ni kan ƙafata shi ne RTL-SDR, ɗan ƙaramin abu kamar filashi da ake jonawa a kwamfuta. Da manhajar SDR# kana ganin faɗin wajen 2.4 MHz a lokaci guda, duk wanda ya danna maɓallin magana sai layi mai haske ya sauko a allo. Ka danna kansa, ka ji, ka rubuta. Na'urorin Uniden da yawa suna da Close Call, mai cafko sigina mai ƙarfi da ke kusa. Da waɗannan biyun na sake gina jerina. Yanzu tebur nake da shi: mita, AM ko FM, sauti, wa nake zaton su ne, ranar da na fara ji, da ranar da na ji na ƙarshe. Wannan layin na ƙarshe ya fi komai amfani, duk wadda ta shekara shiru sai in fitar da ita daga zagaye. Rumbun intanet ina duba shi ne in na kama sabuwar mita ina son sanin ta wa ce. Kwafi uku nake ajiyewa, har da na takarda.

Ka kuma san dokar inda kake, don ƙasa ta bambanta da ƙasa. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar sadarwar rediyo ta 2006, sauraron saƙon da ba don jama'a aka yi shi ba laifi ne, ko da ba ka gaya wa kowa ba. Abin da ka ji kada ka ɗauka ka yaɗa, rayuwar mutane ce.

In oba-oba ce irin Baofeng kake sauraro da ita, manhajar CHIRP kyauta ce kuma ta isa, ita ma dai karantowa ake fara yi. In sikana ce ta gaske, akwai manhajojin saye irin su ProScan da ARC, amma kada ka kashe ko sisi tukuna. Turo mana samfurin, da layi biyar na farkon fayil ɗin yadda suke a Notepad, ka gaya mana ko ka ji ATIS ɗin. Zan duba maka da daren nan in Allah ya yarda.