Tambayoyinku: Me ya sa sarkin nan ya tsaya haka?

Tambaya: Salam Malam, don Allah wani hoton sarkin Faransa na gani, da uban gashi da takalmi mai tsini kamar na mata, wai meye manufar? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama, ai Louis na 14 kenan, Hyacinthe Rigaud ne ya zana shi a 1701, kuma wallahi ba abin da aka saka a banza. Alkyabbar nan shudiya mai furannin zinare tambarin gidan sarautarsu ce, takobin da ke kugunsa kuwa wanda ake dangantawa da Charlemagne ne, wani babban sarkin da ya mulki yankin a zamanin da, wato dai yana cewa sarautar nan gadonta na yi, sannan kambun ma bai saka ba yana gefe a ajiye, sandar mulkin kuma ya juya ta ya dogara kamar sandar yawo, isa kenan. Takalmin mai jan dunduniya kwalliyar manyan fada ne a lokacin. Mutumin ya haura shekara 60 amma dubi kafafun, na saurayi aka zana masa. Hoton yana gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris, tsayinsa ya kusa mita 3.