Sabon injin sanfefa yana zafi, ko ya lalace ne?

Malam, kana tambaya ko zafin da sabon injin sanfefarka ke yi a kwanakin farko alamar lalacewa ce. A'a, galibi ba matsala ba ce. Burushin kabon da ke ciki, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, bai gama zama daidai a kan tagullar da yake gogawa ba, shi ya sa tartsatsi da zafi suke ɗan yawa. Giris ɗin boris ma bai gama ratsa ko'ina ba. Ka kunna shi haka nan ba tare da ka ɗora shi a kan katako ba, kamar minti 10, ka kashe ya huce. Bayan aikin 'yan awanni ya kamata zafin ya ragu.

Amma da sharaɗi: ɗumin da hannu zai iya jurewa nake nufi. In ka ji ƙaurin roba, ko gudunsa ya ragu, ko tartsatsi ya zagaye cikin injin gaba ɗaya, cire shi daga wuta ka mayar inda ka saya tun garanti bai ƙare ba, kar ka kwance shi. In babu waɗannan alamun, duba riƙonka, don sau da yawa zafin daga nan yake. Danna inji da ƙarfi ba ya ƙara sauri, wahalar da shi kawai yake yi, nauyinsa ya isa. Tafin hannu kuma kan toshe ramukan iska ba a sani ba. Ka riƙa zazzage jakar ƙura in ta kai rabi, ramukan sanfefa su dace da na faifan da ake ɗora ta a kai. Doguwar waya siririya ma tana rage ƙarfin wuta, injin ya yi ta zafi.