Diski ɗaya ya mutu a RAID 5, kafin ka saka sabo ka kwashe fayilolinka

Kace sabar ajiyarka ta gida mai diski 4 a RAID 5 (tsarin haɗa diskoki da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya) ta nuna ɗaya ya mutu, kana tambaya ko kawai ka sayo sabo ka zura ta sake gina kanta. Eh zaka iya, ai dama RAID 5 an yi shi ne ya jure mutuwar diski ɗaya, amma ɗan uwa kar ka fara da nan. Fara kwashe abubuwan da bazaka iya rasawa ba, hotunan iyali da takardu, zuwa wani diski na waje tun sabar tana karantawa, sannan ka duba SMART (rahoton da diski ke bayarwa kan lafiyarsa) na sauran ukun, sai ka saka sabon, girmansa ya zama daidai da tsohon ko ya fi shi, kuma ka nemi diski nau'in CMR ba SMR ba (hanyoyi biyu ne na yadda diski ke rubuta bayanai).

Dalili kuwa, lokacin sake ginawa na'urar sai ta karance kowane lungu na sauran diskokin daga farko har ƙarshe, awanni masu yawa ko ma kwana biyu in manya ne, kuma galibi tare aka saye su tare suka tsufa. Na taɓa gani da idona na biyu ya faɗi ana tsakiyar aikin, komai ya tafi wallahi. In SMART ya nuna wani daga cikinsu yana da sassan da suka lalace, dakata da ginawar, kwafi tukuna, kuma ka daina rubuta sabbin fayiloli a kai har ka gama.