Ɗana, teku maƙwabci ne da ake gaisarwa daga nesa

Saƙonka ya iso ni bayan Azahar ina shago, na saurara har sau biyu, na kuma kunna wa Hajiya da daddare. Ta yi dariya sosai a wurin da ka ce tunda ubangidanka zai turo ka Gana ka riƙa kula masa da kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, to kai gidan da za ka buɗe taga ka hangi teku kake so. Sai ka ƙara da tambayar da duk ɗan Maraɗi ko Katsina yake yi mana: me ya sa Hausawan Akara, ga fili ga iska a bakin ruwa, kuka cushe kanku a zango kamar kiyashi?

Kafin komai, idan ka ji mutanenmu suna cewa Ankara, kada ka ɗauka ta Turkiyya ce. Haka muke kiran garin tun kakanni.

Bakin teku yana da masu shi tun kafin zuwanmu. Jamestown, Chorkor, Osu, La, Teshie, Nungua, duk garuruwan mutanen Ga ne, masunta ne tun asali, ƙasar kuma ta dangi ce da ta sarakunansu. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro da shanu ba kifi suka zo kamawa ba, ciniki ya kawo su, shi ya sa suka sauka kusa da kasuwa. Da tsohon zangon cikin gari ya cika, Malam Baƙo, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, ya nemi fili a hannun sarakunan Ga a farkon ƙarni na 20, ya kafa Sabon Zango inda aka haife ni. Nima kuma wani Bafillace mai cinikin shanu, Malam Futa, shi ya fara zama a cikinta a shekarun 1930. Madina ta zo daga baya, a 1959. Kowace unguwa da maigidanta aka fara ta. Baƙo ya sauka, a ba shi ɗaki, a nuna masa masallaci, a haɗa shi da mai sayen kayansa. In ya yi ƙarfi ya ja nasa ƙanen. Haka zango yake girma har yau.

Amma ba tarihi kaɗai ya raba mu da ruwan ba. Ni na gwada, kuma na ji a jikina. Shekarar da muka yi aure na kama ciki da falo a wajen Korle Gonno, ina jin kaina wayayye, da yamma iska tana kaɗa labule. Kafin kuɗin hayar ya ƙare, keken ɗinkina guda biyu sun yi ja da tsatsa, fankar sama ta fara kuka kamar ƙofar rumbu, kwaɗon ƙofa sai an ɗiga masa mai kafin ya buɗe. Iskar nan mai daɗi gishiri take ɗauke da shi. Tana cin kwanon rufi, tana cin bayan firji, tana cin ƙarƙashin mota. Manyan rigunana da na ajiye a akwati don Sallah na buɗe na tarar fumfuna ta yi musu fari-fari. Kai da ka saba da Maraɗi inda ake shanya wanki kafin a gama alwala ya bushe, a nan cikin damina riga tana kwana biyu a igiya tana warin danshi. Masu kuɗin da za su iya sake fenti da na'urar sanyaya ɗaki duk bayan ɗan lokaci su ne ke jin daɗin bakin ruwa. Su ma in ka duba, manyansu ba a can suke ba, suna tudu, a Cantonments da East Legon da unguwar filin jirgi, inda da dala ake faɗar kuɗin haya.

Ruwan da ya kamata ka ji tsoro ma ba na teku ba ne, na sama ne. Damina biyu muke yi, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba. Garin yana gangarawa ne zuwa teku, da yawa daga ruwan da ya zuba a tudu sai ya biyo kogin Odaw ya faɗa tafkin Korle kafin ya fita, magudanan kuma a cike suke da leda da yashi. Daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika shataletalen Kwame Nkrumah, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini ya samu ɗaki mai araha a Alajo ko Adabraka ko gangaren Kaneshie, abin da nake fara ce masa shi ne ya duba bango. Ruwa yana barin zane a jikin gini, fenti ba ya iya ɓoye shi duka. Idan ka ga an ɗaga dokin ƙofa ya kai gwiwa, sai ka hau matakala ka sauka kafin ka shiga tsakar gida, ba ado aka yi ba. Kada ka tambayi dillali ko ruwa yana shiga. Tambayi mai kokon da ke bakin layi.

Yanzu ga maganar kuɗi, don ita ce take karya baƙo. Dokar haya ta ƙasar nan, ta 1963, ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata 6 a gaba. A takarda ke nan. A zahiri na shekara ɗaya ko biyu ake nema, a dunƙule, ga na dillali a gefe, wasu ma sai ka biya su kuɗin ƙafa kafin su nuna maka ɗakin. Ka ga kenan duk kuskuren da ka yi a zaɓe, shekara biyu za ka kwana a cikinsa. Shi ya sa a al'adarmu ba a kama gida daga nesa, ba a kuma kama shi a makon farko. Ka zo kai kaɗai, ka sauka wurin naka, ka yi wata biyu kana kallon gari, sannan iyali su biyo baya. Batun sayen fili kuwa ka cire shi daga ranka tukuna. Tsarin mulkin 1992 bai bai wa wanda ba ɗan ƙasa ba fiye da hayar shekara 50, kuma fili ɗaya ana iya sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa da 'yan dabarsa masu gadi. Dattawanmu ma da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda aka bar gidaje da shaguna a baya, har yau suna cewa baƙo ya gyara takardunsa kafin ya sayi bulo. Kwana 90 na zama ba biza da ECOWAS ta tanada na masu ziyara ne, kuma ku mutanen Nijar da ƙasarku ta fita daga ƙungiyar, sai ka bincika yadda abin yake kafin ka taso.

Ba zan yi maka ƙarya a kan zango ba. Akwai cunkoso. Gidan haya mai ɗaki goma sha, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya da ake faɗa a kanta duk ƙarshen wata, wasu gidajen ma babu bayi sai na kuɗi a bakin titi. Kwatar da ta raba Nima da Mamobi ba abin nuna wa baƙo ba ce. Samari suna da majalisunsu a kowace kwana, wasu na alheri, wasu ba ka son ɗanka ya zauna a ciki. Da yawa daga cikinmu da Allah Ya buɗa wa sun fita sun yi gini a Madina, Adenta ko Kasoa. Wannan Kasoa ɗin kalmarmu ce, kasuwa, harshen mutanen wurin ya lanƙwasa ta. Sai dai duba abin da suke yi bayan sun fita: Juma'a a zango, suna a zango, ɗaurin aure a zango. Matarka za ta sauka ba ta jin Turanci, ba ta jin Twi, ba ta jin Ga. A Nima za ta yi cefanenta kaf da Hausa, ta samu dawa da gero da kuka da daddawa, ranar Laraba kasuwa ta cika har titi. Za ta yi dariyar Hausarmu, don mu mace ma "ya zo" muke ce mata, kuma ba Hausawa kaɗai ke zango ba, akwai Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Mosi, Fulani, Hausar ce ta haɗa mu. Ranar da ta haihu kuwa, ko ranar da aka yi rashi, Allah Ya kiyaye, kafin ka gama kiran gida an kafa rumfa an ɗora tukunya. Gidan bakin teku ba ya yin wannan.

Ka kuma san cewa ƙasar masu ita suna da al'adarsu. Kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, coci da masallaci duk ana so su rage lasifika. Mu da muka tashi a nan ba ma ɗaukar abin da zafi. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ke zaune a Fadama, ya daɗe yana koya mana zama da maƙwabci, har coci ya taɓa zuwa gaisuwa. Ranar Talata kuma masunta ba sa shiga teku. In kana son ganin kwale-kwale jere a kan yashi, ranar za ka je.

To ina za ka zauna? Da zuciyata zan bi da na ce Sabon Zango kusa da ni. Amma aikinka a Tema yake. Babbar hanyar da ta haɗa Akara da Tema kilomita 19 ce kawai, sai dai kafin ka fita daga cikin gari ka hau ta da safe a turoturo, wato motar hayarmu, ka yi asarar abin da ya fi awa, da yamma ka sake. Wata uku za ka yi ka rame. Ni a ganina Ashaiman ce taka. Tana daf da Tema, tana nesa da gishiri, haya ta fi sauƙi, akwai zango da masallatai da makarantun Islamiyya, ga kasuwar shanu ta Tulaku inda za ka ji Hausar gida sak daga bakin mutanen Nijar, direbobin manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa arewa ma can da yawansu suke kwana. Garin yana da sunan rashin ji, kuma akwai lungunan da ba zan so ka bi da dare ba, akwai kuma gangaren da ruwa ke ci. Unguwa-unguwa ce, sai an taka da ƙafa. Idan ubangidanka zai biya, gidajen cikin Tema da aka tsara da lamba tun zamanin Nkrumah sun fi tsabta da shiru, amma ka tambayi nisan masallaci, ka kuma buɗe famfo da hannunka ka ga ko yana zuwa, ka leƙa ko akwai tankin ajiye ruwa.

Akwai wani ɗan ƙanwar Hajiya da ke Ashaiman shekara goma sha, na riga na yi masa magana, ya ce ɗakin zaurensa a buɗe yake. Ka yi ƙoƙari ka iso cikin Yuni, lokacin da ruwa ke tona asirin kowane gida. Lahadin farko zan kai ka bakin ruwan La ka ƙoshi da kallo, ka ɗauki hoton da za ka tura gida.

Ka gaida mahaifinka, ka ce masa har yanzu ina jiran kilishin da ya yi mini alkawari tun bikin ƙanwarka. Hajiya kuma ta ce a saka mata yajin ƙuli a cikin kayanka, na nan bai kai ba.