Sun ce hoto kawai za su ɗauka na kundin kakanmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wasu masu bincike sun zo gidanmu a Kano suna neman ɗaukar hoton littattafan ajami da kundin da kakanmu ya bari, domin a sa su a intanet. Baffanmu ya riga ya amince, yana cewa ai hoto ne kawai, takardun suna nan a hannunmu. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin akwai abin tsoro a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Aikin kansa ba laifi ba ne, domin gara da yoyon damina sun cinye takardun gidajen malamai da yawa. Shirin Endangered Archives na British Library (babban ɗakin karatu na Birtaniya), wanda aka fara a 2004 domin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, yana barin asalin takardu a ƙasarsu tare da ajiye kwafi a wata cibiya ta gida, kuma Jami'ar Boston ta tara hotunan ajamin Hausa da na wasu harsunan Afirka ta Yamma.

Abin da ya dame ni shi ne maganar baffanku, wadda na gaji da jin ta daga bakin masu takardu da kuma 'yan tsakiyar da ke kai baƙi gidaje don a sallame su. Darajar kundi tana cikin abin da aka rubuta ne, kuma wannan abin shi hoto yake kwashewa gaba ɗaya. Ka san kundin malami ba littafin fiƙihu ba ne da ake karantarwa a zaure. A cikinsa akwai laƙani da hatimi da ba a bayarwa sai da izini, akwai wasiƙu, akwai lissafin bashi da rabon gado, wani lokaci har da sunayen waɗanda aka taɓa mallaka a matsayin bayi, alhali jikokinsu suna zaune a unguwa ɗaya da ku. Ranar da shafin ya hau intanet, duk wanda ya ga dama zai sauke shi, ya buga, ya sayar, ko ya yi tsibbu da shi a Facebook da sunan kakanku, kuma ko an cire daga baya, wanda ya riga ya sauke ba zai dawo da shi ba. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa doka za ta tsaya muku, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu ne har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma yawancin tsofaffin takardunmu sun daɗe da wuce wannan wa'adi. Kariyarku ita ce yarjejeniyar da kuka rubuta kafin a kunna kyamara.

Sannan littattafan nan gado ne, kowane magaji yana da kaso a ciki, har da gwaggonninku da ba a saba tambaya ba, don haka sa hannun baffa shi kaɗai bai wadatar ba, balle takardar mai unguwa.

Ka je wa baffa da ladabi, ka roƙi a tara magada, a samo malamin da gidan ya amince da shi ya duba takardun shafi bayan shafi, a ware na bainar jama'a, da waɗanda mai bincike zai gani sai da izininku, da waɗanda ba za a ɗauka ba sam. A rubuta yarjejeniyar da Hausa, a ambaci sunan kakanku da na gidan a kan kowane littafi, a ba ku cikakken kwafi, a ajiye wani a wuri kamar Arewa House da ke Kaduna. Asalin takarda kuwa kada ko ɗaya ta fita daga gidan, ko da sunan aro ne.