Shin na'urar numfashi ta jarirai za ta yi wa ɓeran gwaji aiki?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a sashen nazarin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Bincikena ya ƙunshi buɗe ƙirjin fararen ɓeraye nau'in Wistar domin ɗaure jijiyar da ke ciyar da zuciya jini. An ce dole sai da na'urar taimakon numfashi, wato bentileta, sashenmu kuwa ba shi da ita. Shin za mu iya aron ta jarirai daga asibiti, ko mu yi amfani da balan-balan ɗin nan da ake matsawa da hannu? In kuma saye ya zama dole, me za mu duba?

Amsa: Waɗanda suka ce miki dole ne sun faɗi gaskiya. Huhu ba ya buɗe kansa. Faɗaɗar ƙirji da saukar tantanin da ya raba ƙirji da ciki su ne ke janyo iska, saboda haka da zarar kin raba haƙarƙari iskar waje ta shiga, huhun zai takure, ɓeran kuma ba zai iya numfashi ba sai an hura masa. Wannan tsohon sani ne, domin tun a 1543 Andreas Vesalius ya bayyana yadda ake zura karan ciyawa a maƙogwaron dabba a riƙa hurawa, kuma a 1667 Robert Hooke ya rayar da kare da zugazugi a Landan bayan an buɗe masa ƙirji.

Amma batun balan-balan, ki cire shi daga ranki. Ɓera mai nauyin giram 300 yana buƙatar iskar da ba ta wuce mililita 2 zuwa 2.5 ba a kowace shaƙa, wato kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, kuma sau 60 zuwa 90 a minti guda idan yana cikin maganin sa barci. Balan-balan ɗin jarirai yana ɗaukar wajen mililita 240, ninki ɗari ke nan, kuma bawul ɗin kariyarsa ba ya sakin iska sai matsi ya kai santimita 30 zuwa 40 na ruwa, wato ƙarfin da zai ɗaga ruwa cikin bututu zuwa wannan tsayin. Babu hannun da zai iya auna mililita biyu daga cikinsa sau tamanin a minti har tsawon sa'a guda. Ɓera ɗan ƙaramin nau'i mai giram 25 kuwa abin ya fi haka tsanani, domin shaƙarsa kamar ɗigon ruwa huɗu ce, mililita 0.2, sau fiye da ɗari a minti.

Dalilin da ya sa nake tsaurarawa a nan shi ne, illar cika huhu da iska a jikin ɓeraye aka fara nuna ta ƙarara. A 1974 Webb da Tierney a Amurka sun hura wa ɓeraye masu lafiya iska da matsin santimita 45 na ruwa, huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu kafin cikar sa'a guda; waɗanda aka bar wa ɗan matsi na santimita 10 a ƙarshen kowace fitar numfashi kuwa sun tsira daga mafi yawan wannan ɓarna. A 1988 Dreyfuss da abokan aikinsa a Faransa suka ɗaure ƙirji da cikin ɓeraye yadda huhun ba zai kumbura ba, sai aka ga matsi mai yawa bai yi lahani ba muddin huhun bai miƙe fiye da kima ba, ashe yawan iskar ne ke yaga shi. Wannan fahimta ce ta kai ga babban gwajin da aka wallafa a 2000 a kan mutane masu tsananin ciwon huhu, inda rage iska daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilon nauyi ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa kashi 31 cikin ɗari. Abin da ya shafe ki a nan ya wuce mutuwar dabba: huhun da aka wahalar yana sakin sinadaran kumburi cikin jini, matsi mai yawa a ƙirji yana rage jinin da ke komawa zuciya, yawan hurawa kuma yana wanke iskar kabon dayoksaid ya canja sinadarin jini. Ɓeran zai iya rayuwa, ki auna zuciyarsa, ki rubuta sakamako, alhali wani kaso na abin da kika auna aikin na'ura ne.

Bentiletar jarirai ta fi dama-dama, kuma akwai ɗakunan bincike da suka yi amfani da irinta a kan manyan ɓeraye. Sai dai a kan ɓera a can mafi ƙarancin iskar da take iya aunawa take aiki, tiyonta doguwa ce mai faɗi da ke haɗiye wani ɓangare na iskar kafin ta isa huhu, sannan ban ga hujjar ɗauke na'ura daga ɗakin bakwaini a kai ta kan ɓera ba, ga kuma matsalar tsabtace ta kafin ta koma.

Idan kun tashi saye, iri biyu za ku tarar. Akwai mai auna yawan iska, wadda ke aiki da fistin kamar sirinji, tana tura adadin da aka saita ko huhu ya yi tauri ko bai yi ba. Tsohuwar Harvard Apparatus samfurin 683 ta manyan ɓeraye da MiniVent ta ƙanana duk haka suke. Akwai kuma mai auna matsi, wadda ke tsayawa idan ta kai iyakar da aka sa mata, amma yawan iskar da ke shiga yana raguwa ba tare da kin sani ba idan majina ta toshe bututu. Kamfanoni irin su Kent Scientific da CWE a Amurka da Ugo Basile a Italiya suna yin na'urorin ƙananan dabbobi, ita kuwa flexiVent ta kamfanin SCIREQ a Kanada an yi ta ne domin auna taurin huhu da ƙuncin hanyoyin iska, kuma ta fi ƙarfin bukatarki da aljihun sashenku. A ganina mai fistin ta ishe ku, in an haɗa mata ma'aunin matsi a kusa da bakin dabbar, a kula kada ya riƙa wuce santimita 10 zuwa 15. Ku kuma tanadi batir ko inbata, domin in aka ɗauke wuta ƙirji yana buɗe, ɓeran ba zai jira a tayar da janareta ba.

Sauran aikin yana hannunki. Ki gajarta tiyon da ke tsakanin mahaɗar bututun shigar iska da na fitarta da maƙogwaro iyakar iyawa, saboda duk iskar da ta tsaya a nan tsohuwa ce da dabbar za ta sake shaƙa. Ɗan matsin nan na ƙarshen numfashi, wanda ake kira PEEP, ba ya bukatar kuɗi: ki tsoma bakin tiyon fitar iska cikin kofin ruwa zurfin santimita 2 zuwa 3, za ki ga kumfa tana tashi da kowace fita, in ta tsaya kin san akwai yoyo ko toshewa. Ki sa ɓeran a kan shimfiɗa mai ɗumi zafin jikinsa ya zauna a wajen digiri 37. Idan za a ba shi maganin da ke kashe motsin tsoka, ki tabbata barcinsa ya yi nisa tukuna, domin daga nan ba zai iya motsi ya nuna yana jin zafi ba, kuma kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji zai tambaye ki wannan kafin ya amince da aikin.

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne zura bututun, wanda galibi robar allurar ƙarin ruwa ce mai lamba 14 ko 16, cikin hanyar abinci maimakon ta iska. Kafin ki haɗa na'ura, ki kara ƙaramin madubi mai sanyi a bakin robar. Idan ya yi hazo da kowane numfashi, kina kan hanya. Bayan kin kunna, ki duba ko ɓangarorin ƙirji biyu suna ɗagawa tare da bugun fistin, in kuwa ciki ne ke kumbura, ki zare ki sake tun kafin ki taɓa wuƙa.