Mun Koma Sabuwar Sabar, Rikodin Ɗin Kira Ya Ƙi Biyo Mu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da wayoyin wani ƙaramin kamfani a Kano. Da manhajar sarrafa waya ta FreePBX muke karɓar saƙon murya da naɗar kiran kwastomomi. Mun mayar da manhajar kan sabuwar sabar, kira na shiga lafiya lau, amma tsofaffin rikodin ba sa buɗewa, saƙon murya ya daina zuwa imel, kwafin da ake turawa ma'ajiyarmu kowane dare ma ya tsaya cak. Don Allah ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun kafin mu je ko'ina, kada ka taɓa tsohuwar sabar ɗin nan. Ko kashe ta ka yi, bar faifanta yadda yake, don ran da kwastoma ya musa abin da ya faɗa, rikodin ɗin ne shaidarku.

Kowane kiran da aka naɗa abu biyu ne. Akwai fayil ɗin sautin, wanda ke cikin /var/spool/asterisk/monitor, an jera shi shekara, wata, rana. Akwai kuma sunansa da aka rubuta a rumbun bayanan kira, asteriskcdrdb. Sau da yawa rumbun ne ke ƙaura, sautin ya zauna a baya saboda nauyinsa, sai ka ga jerin kira cike amma babu abin saurare. Kwaso foldar gaba ɗayanta da umarnin kwafi na rsync -a, kada ka sauya tsarin ranakun. Saƙon murya kuwa yana /var/spool/asterisk/voicemail, kowane saƙo da abokin tafiyarsa: msg0000.wav da msg0000.txt. Wanda ya kwashi na sauti kaɗai ya bar na rubutu, manhajar ba za ta ma san akwai saƙo ba.

Sai mallaka, kuma a nan na fi zargi. In da root (asusun shugaban sabar) ka kwafo, mai yiwuwa foldodin sun zama na root, alhali Asterisk, injin da FreePBX ke gudana a kansa, da sunan asterisk yake aiki. Ba zai iya ajiye sabon fayil a cikinsu ba, ba zai iya mayar da saƙon da aka saurara zuwa foldar Old ba. Buga fwconsole chown don gyara mallakar, sannan ka kira kanka ka bar saƙo ka gani.

Kwafin dare kuma, in kai ka rubuta shi da hannu, yana cikin cron (mai gudanar da ayyuka a kan lokaci) na tsohuwar sabar, bai biyo ka ba. Duba crontab -l a can ka maido shi. Ko ka maido, ma'ajiyar ba ta san wannan baƙuwar sabar ba: sai ka sa mata sabon makullin SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro), ka sanar da katangar tsaronta sabon adireshin IP. Ka kuma yi haɗin farko da hannunka, da asusun da zai riƙa turawar, domin SSH na tambayar amincewa a karon farko, cron kuwa ba ya amsa tambaya.

Na imel ba shi da wuya. Buga mailq don ganin layin imel da ke jiran fita, in saƙonni sun taru, mai yiwuwa ƙofa (port) ta 25 a rufe take, kamar yadda Google Cloud da AWS ke barin ta tun farko. Tura ta ƙofa ta 587 da asusun imel ɗinku. In suna fita amma suna faɗawa cikin tarkace, gyara SPF (jerin sabobin da aka yarda su tura imel da sunanku) ya san sabon IP.

Abu guda da ba ka tambaya ba, amma ina roƙon ka duba yau: girman sababbin fayilolin. Duk fayil ɗin wav da ka ga bai wuce bayit 44 ba, kan fayil ɗin ne kawai babu murya a ciki. Sautin bai iso sabar ba ke nan. Buɗe ƙofofin UDP daga 10000 zuwa 20000, waɗanda sautin kira ke bi, ka kuma tabbatar adireshin waje da ke saitin SIP (tsarin haɗa kira) ba na tsohuwar sabar ba ne.